Sifiri a Kan Tsirkiya

Takardar da na fara koyon jita da ita layi shida ne a kwance, da lambobi warwatse a kansu kamar an zubar da gero a tabarma. Babu kalma ko ɗaya. Abokin da ya ba ni ita bai tsaya dogon bayani ba. Ya ce kowane layi tsirkiya ɗaya ce, kowace lamba kuma gaɓar da za ka danna ce a wuyan jitar. Ka ga uku a layi na biyu, ka danne tsirkiya ta biyu a gaɓa ta uku, ka kaɗa. Na ce to wannan sifirin fa? Ya ce nan kada ka danna komai, kaɗa ta a sake.

Sifirin nan ne ya tsaya mini a rai. Ni dai a iya sanina sifiri shi ne ƙwan da malamin lissafi yake zana maka da jan biro ranar da ka kwana ba ka yi bita ba. Ga shi nan kuma ya zama sauti, sautin ma da ya fi na sauran lambobin daɗewa a kunne, domin tsirkiyar tana rawa tun daga sama har ƙasa babu yatsan da ya tare ta.

Turawa suna kiran wannan rubutu tablaca, matasan yanzu sun yanke masa wutsiya ya koma tab. Tushen kalmar Latin ne, tabula, wato allo ko faffaɗan katako, kuma daga gidan nan ne teburin da muke cin abinci a kansa ya fito kafin ya biyo ta bakin Ingilishi ya iso mu. Mutanen Italiya na ƙarni na 16 in sun ɗauki waƙar da muryoyi huɗu suke rerawa suka mayar da ita yadda mutum ɗaya zai kaɗa da yatsunsa, sai su ce sun ɗora ta a kan allo. Mutanen Sifaniya kuwa wata kalmar suka zaɓa: cifra. Littafin da Alonso Mudarra ya buga a birnin Sabiya a 1546, wanda a cikinsa ne aka fara ganin kiɗan jita a bugaggen littafi, kalmar nan tana cikin sunansa. Cifra kuwa sifr ce ta Larabci, uwar sifirinmu. A wurin Larabawa fanko take nufi. Da ta shiga Turai sai ta kumbura, ta tashi daga sunan lamba ɗaya ta zama sunan dukkan lambobi, daga nan ta zama sunan rubutun asiri da ba ya karantuwa sai ga mai mabuɗi, ta kuma zama sunan rubutun makaɗa. Har yau ɗan Burazil da ke neman yadda zai kaɗa wata waƙa a jita, cifra yake cewa yana nema. Mu dai da muka karɓe ta mun bar ta inda muka same ta, tana nufin babu.

Akwai raini da ke bin wannan rubutu, kuma na sha jin sa. Wanda ya yi karatun kiɗa a makaranta, ya iya ɗaya rubutun mai layi biyar da baƙaƙen ɗigogi masu jela, yakan dubi mai karanta tab kamar yadda ake duban wanda ya haddace hanya amma bai san sunan unguwa ba. Wai abin rago ne, na samarin da ke son kaɗa waƙar rediyo kafin magariba. Sai dai tarihi bai goyi bayan wannan raini ba. A 1507 Ottaviano Petrucci ya buga littafin Francesco Spinacino a Benis, littafin farko da aka taɓa bugawa na kiɗan lut, kayan kiɗan nan mai ciki kamar rabin ƙwarya wanda sunansa ma daga al-ud na Larabawa ya samo asali, kuma da lambobi a kan layuka aka buga shi. Daga nan har kusan ƙarshen ƙarni na 18, lut da jita da danginsu kusan ba su san wani rubutu ba sai wannan. John Dowland na Ingila da shi ya rubuta. Gaspar Sanz da shi ya koyar da jita a littafinsa na 1674 a Saragosa. Silvius Leopold Weiss, makaɗin fadar Diresdin wanda ya rasu shekara ɗaya da mai tsara kiɗan nan Bach, a 1750, ya bar ɗaruruwan kaɗe-kaɗe, kuma a wannan rubutu suka iso mu. Sai da jita ta zama mai tsirkiya shida tilo-tilo, zamanin su Fernando Sor da Mauro Giuliani, sannan ta ari rubutun masu biyolin ta yafa. Aron ma bai zauna daidai ba: abin da aka rubuta wa jita a layi biyar, sautin da ke fita yana ƙasa da shi da hawa takwas cif.

Kowace ƙasa da yadda ta ƙirga. Italiyawa lambobi suka yi amfani da su, suka sa tsirkiya mafi kauri a layin sama, kamar kana kallon makaɗi yana zaune a gabanka. Faransawa haruffa suka ɗauka, a ita ce tsirkiya a sake, b gaɓa ta farko, c ta biyu, kuma da irin nasu Dowland ya yi aiki. Luis Milán na Balansiya, a littafinsa na 1536, ya sa lambobi amma ya mayar da siririyar tsirkiya sama, kuma tsarinsa ne yaran yau suke bi ba tare da sun taɓa jin sunansa ba. Na Jamusawa ne abin mamaki. Babu layuka sam. Kowace mahaɗar tsirkiya da gaɓa tana da nata harafi ko alama, sai ka haddace su duka kafin ka karanta komai. Sebastian Virdung ya rubuta a 1511 cewa Conrad Paumann ne ya ƙirƙiro shi, shi kuwa Paumann makaho ne. In haka ne, abin ya yi ma'ana. Mai ido yana son hoton wuyan kayan kiɗan a takarda. Makaho ba ruwansa da hoto, suna yake so, wanda zai faɗa da baki wani ya rubuta.

Bambancin rubutun biyu ba a wahala ko sauƙi yake ba. Mai layi biyar sauti yake rubutawa: ga amon da ake so, ga tsawonsa, kai ka san inda za ka samo shi. Mai biyolin zai karanta, mai fiyano zai karanta, mai rerawa da baki ma zai karanta. Tab kuwa hannu yake rubutawa. Ba ya gaya maka abin da za ka ji, wurin da za ka sa yatsa kawai yake nunawa, kuma in ka sassauta tsirkiya ɗaya ka sauya mata ɗauri, lambobin suna nan yadda suke amma kiɗan ya zama wani abu daban. Shi ya sa na fi son in kira shi rubutun yatsu, ɗayan kuma rubutun sauti. Kuma rubutun yatsu sai inda akwai abin ƙirgawa. Kuntigin marigayi Ɗan Maraya Jos tsirkiya ɗaya gare shi, babu gaɓoɓi a wuyansa. Da wani zai ce zai rubuta masa tab, layi ɗaya tak zai ja, ya kuma rasa lambar da zai ɗora a kai.

To me ya sa mai jita yake buƙatar a rubuta masa hannu, alhali mai fiyano bai damu ba? Domin a fiyano kowane sauti gidansa ɗaya. A jita kuwa sauti ɗaya yana da gidaje da yawa. Amon da siririyar tsirkiya take bayarwa a sake, wanda Turawa ke kira E, za ka same shi a tsirkiya ta biyu gaɓa ta 5, a ta uku gaɓa ta 9, a ta huɗu gaɓa ta 14, a ta biyar gaɓa ta 19, can ƙarshen wuya. A rubutun sauti duk ɗigo ɗaya ne. A kunne kuwa ba ɗaya ba ne. Na sifirin yana da haske da kaifi, kuma ba ka da ikon girgiza shi tunda babu yatsa a kansa. Na gaɓa ta 9 yana da duhu da taushi, kamar mai magana da murya ƙasa-ƙasa a ɗaki. Kamar dai rasu da mutu da kwanta dama ne: abu ɗaya suke nufi, amma wanda ya je ta'aziyya ya san wadda zai ɗauka.

Kowane rubutu akwai abin da yake barin mai karatu ya cike da kansa, kuma Bahaushe ya fi kowa sanin haka. Muna rubuta gari, mu bar wa mai karatu ya gane ko na zama ne ko na tuwo. Muna rubuta kuka, ko ta miya ko na hawaye, bokonmu bai nuna hawa da saukar murya ba, bai nuna tsawon wasali ba, amma ɗan gida ba ya tuntuɓe. Baƙo ne yake faɗuwa. Tsohon rubutun masu lut ma haka yake. Akwai 'yan tutoci a saman layukan da ke nuna lokacin da za a kaɗa na gaba, amma ba su faɗi tsawon lokacin da kowane sauti zai ci gaba da amo ba. Makaɗin zamanin Dowland ya san cewa a cikin lambobin nan ko haruffan nan akwai muryoyi uku ko huɗu da ke tafiya tare, ya san wadda zai riƙe da wadda zai saka, domin a cikin irin waƙar ya tashi. Masanin yau da ke mayar da su rubutun sauti dole ya yanke hukunci a kan kowace murya, kuma masana biyu sukan fitar da takardu biyu mabambanta daga shafi ɗaya. Tab ɗin intanet ya fi haka tsiraici. Yawancinsa da karan ɗori da lambobi aka buga shi a kwamfuta, babu ko tutocin. An ɗauka ka riga ka san kiɗan a kunne. Ga waƙar da ka ji sau ɗari wannan ba matsala ba ne. Ga kiɗan Bach mai muryoyi uku da ke bin juna suna saɓawa, ba ƙaramar matsala ba ce.

Shi Bach ɗin ma ya san kalmar tablaca, amma da wata ma'anar. A 2006 aka sanar da gano wasu takardu a ɗakin karatu na Anna Amalia da ke Waima, kwafin kaɗe-kaɗen Buxtehude da Reincken da ya yi da hannunsa yana yaro, ɗaya tana ɗauke da shekarar 1700, lokacin yana ɗan shekara 15. Da tablaca ya rubuta su. Sai dai irin ta masu ogan ce ta Jamus, wadda haruffanta sunan sauti suke faɗa, ba wurin yatsa ba. Suna ɗaya, aiki biyu. Da ya zo rubuta wa lut kuwa, a rubutun sauti ya yi. Jerin kiɗan da ake wa lamba BWV 995, wanda rubutun hannunsa yake ajiye a Burasal, shi da kansa ya ɗauko shi daga jerin kiɗa na biyar da ya yi wa celo, babban gogen nan da ake jinginawa tsakanin gwiwoyi. A ciki har da wani sauti mai zurfin da lut ɗin zamanin, yadda aka saba ɗaure shi, bai kai ba. Sai wani makaɗin lut da bai sa sunansa ba ya zauna ya mayar da shi rubutun yatsu, ya gyara abin da hannu ba zai iya ba, kuma takardarsa tana Laifzig har yau. Ke nan tun Bach bai daɗe da ajiye alƙalami ba aka fara wannan aikin da samari suke yi yanzu a kwamfuta.

Nan ne mai nema yake yin kuskuren da ni ma na yi. Yakan ce yana neman tab na gaskiya na kiɗa kaza, kamar akwai guda ɗaya ajiye a wani wuri. Bach bai rubuta wa jita komai ba. Isaac Albéniz ma haka. Kiɗansa da duniya ta sani da suna Asturias, wanda yau ake ji kamar da jita aka haife shi, fiyano ya yi wa, a mazaunin G, masu jita suka saukar da shi zuwa E domin tsirkiyoyin da ke sake su yi musu aiki. Sunan ma ba shi ya raɗa ba. Wani kamfanin ɗab'i na Jamus ne ya liƙa masa bayan rasuwarsa a 1909, aka ba kiɗan da ke ƙamshin Andalus ta kudu sunan wani yanki na can arewa. Duk tab ɗin da ka samu na irin waɗannan, fassarar wani ce a kan fassarar wani. Wani ya zaɓi mazauni, ya zubar da sautukan da yatsu huɗu na hagu ba za su kama ba, ya ƙara wasu a ƙasa, sannan ya zaɓi gidan kowane sauti gwargwadon tsawon yatsunsa da abin da kunnensa yake so. In ka karanta, hannunsa ka ara. Rigar aro kuwa wani sa'in ta yi maka daidai, wani sa'in ta matse ka a hammata.

Doka ma ta yarda cewa wannan aiki ne mai mai shi. Kiɗan Bach na kowa ne, amma shirin da Andrés Segovia ya yi wa Cakon ɗin Bach, wanda asalinsa na biyolin ne kuma ya kaɗa shi a Paris a 1935, yana da masu haƙƙi, tunda shi Segovia sai a 1987 ya rasu. Rigimar haƙƙin mallaka ce ta rufe OLGA a 2006, babbar taskar tab ta intanet da aka fara tun 1992, kodayake waƙoƙin zamani ne suka jawo mata. Mai son tsofaffin kaɗe-kaɗe ya fi kowa sa'a a nan. A shekarar da aka rufe waccan aka buɗe IMSLP, inda ake tara takardun kiɗan da haƙƙinsu ya ƙare, kuma ɗakin karatun kiɗa na Siwidin ya ɗora tarin takardun jita na Boije, bugun ƙarni na 19, kowa ya ɗauka kyauta. Sai dai kusan duk a rubutun sauti suke. Wanda bai iya shi ba yana tsaye ne a bakin rumbu babu tsani.

Akwai manhajoji, irin su MuseScore da Guitar Pro, da za ka zuba musu rubutun sauti su fitar maka da lambobi cikin ƙiftawar ido. Na gwada. Na'ura ba ta da yatsu, saboda haka sau da yawa gida mafi kusa take zaɓar wa kowane sauti, ba ruwanta da inda hannu ya fito ko inda zai je. Za ta sa ka tsalle daga gaɓa ta 2 zuwa ta 10 ka dawo, a wurin da makaɗi zai zauna wuri ɗaya ya gama komai. Lambobin duk daidai ne, babu wanda za ka ce kuskure ne, irin daidai ɗin fassarar da aka yi da ƙamus kalma bayan kalma.

Abin da ya koya mini wannan duka shi ne mabuɗin jerin kiɗan celo na farko na Bach, wanda ya tsara wajajen 1720. Rubutun hannunsa na kaɗe-kaɗen celon ya ɓata, kwafin matarsa Anna Magdalena da na wasu ne suka rage, wato tushen ma kwafi ne. A G ya tsara shi. Masu jita galibi sukan mayar da shi D, su sassauta tsirkiya ta shida ta sauka hawa ɗaya. Na tara tab uku na wannan kiɗa, na jera su, sai na ga tun a sauti na huɗu sun rabu. Sautin nan kuwa shi ne E ɗin da na ambata. Biyu sun rubuta sifiri a layin farko. Ɗaya ya rubuta 5 a layi na biyu. In ka bi sifiri, hannu ya huta, amma sautin da ya gabace shi a kan tsirkiya ɗaya suke, saboda haka yana shigowa wancan ya mutu, kamar yadda yake a celo inda baka ɗaya ke bin su ɗaya bayan ɗaya. In ka bi 5, ƙaramin yatsa zai miƙe har ya yi tsami, amma sautukan biyu za su haɗu a iska suna amo tare kamar ƙararrawa. Na farko ya fi kusa da abin da Bach ya ji. Na biyu ya fi kusa da abin da jita ta iya. Na yi mako biyu ina jujjuya lamba ɗaya, kuma babu ɗaya daga cikin takardun uku da ta gaya mini wanda ya rubuta ta, balle dalilinsa.

Hannun dama kuma wani labarin ne, domin yawancin tab ba ya ko kallonsa. Recuerdos de la Alhambra na Francisco Tárrega, mutumin da aka yanko ƙarar wayar Nokia daga kiɗansa Gran Vals na 1902, a takarda lamba ɗaya ce ake maimaitawa sau uku bayan kowane bugu na babban yatsa. Wanda bai taɓa ji ba zai ɗauka in'ina ce. Yatsu uku ne suke bin juna da sauri har sautin ya zama zare ɗaya mai rawa kamar ruwan da ke gangara, kuma mutum yakan shekara yana nema bai samu ba. Masu rubutun kirki sukan sa haruffa huɗu a ƙasa, p da i da m da a, farkon sunayen yatsu a harshen Sifaniya. Sauran sai a wurin malami, ko a kallon hannun wanda ya iya, yadda yaron makaɗin garaya yake zama gefen ubangidansa idonsa a kan yatsu.

Ni ban ga abin kunya a karanta tab ba, kuma ga kiɗan da aka haifa a cikinsa ya ma fi gaskiya. Mai jita zai iya sassauta tsirkiya ta uku rabin hawa, ya ɗaura ɗan maƙalin da ake kira kafo a gaɓa ta 3, ya buɗe shafin Dowland na asali ya karanta kai tsaye, yatsansa ya sauka daidai inda na marubucin ya sauka shekara 400 da suka wuce. Rubutun sauti ba ya ba da wannan. Amma ga kiɗan da aka ɗauko daga fiyano ko biyolin ko celo, lambobi kaɗai ba su isa ba, gara takarda mai hawa biyu, sauti a sama, yatsu a ƙasa, ko da a hankali mutum yake harhaɗa na saman.

Kai kuma da ka zauna ka rubuta naka za ka ba wasu, don Allah ka sa abu huɗu a saman shafin: sunanka, takardar da ka ɗauko daga gare ta, ɗaurin tsirkiyoyinka, da wuraren da ka sauya ko ka zubar. Nawa na mabuɗin celo da fensir na rubuta shi, kuma a sauti na huɗu 5 na sa.